Tambayoyi da Amsoshi kan Tsara Jarrabawar Zaɓin Amsa

Na daɗe ina koyarwa a Gadarif, a gabashin Sudan, kuma tambayoyin da ke ƙasa daga bakin abokan aiki na tsince su, galibinsu matasan malamai 'yan uwanmu Hausawa da ke koyarwa a nan Gadarif, da Kasala, da Sinnar, da Mai Wurno. Jarrabawar da muke magana a kai ita ce wadda ake kira ihtiyar min muta'addid da Larabci: tambaya ɗaya, amsoshi uku ko huɗu a ƙarƙashinta, alif, ba, jim, dal, yaro ya zagaye ɗaya. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 azuzuwanmu suka cika maƙil da yaran da suka baro Hartum da Madani. Malami ɗaya da takardu tamanin a gabansa, dole ya nemi abin da zai duba da sauri. Saurin kuwa gaskiya ne, sai dai wahalar da ka guje wa wajen dubawa tana nan tana jiranka wajen tsarawa.

Malam, wai daga ina wannan salo ya fito, kuma ya dace da yaranmu?

Daga Amurka ya fito. Wani malami mai suna Frederick Kelly ya yi amfani da shi a gwajin karatu na jihar Kansas wajen 1915. A 1917, lokacin yaƙin duniya na farko, rundunar sojan Amurka ta ɗauke shi don tantance sababbin sojoji, waɗanda yawansu ya haura miliyan ɗaya da rabi. Zuwa 1938 kamfanin IBM yana sayar da injin da ke karanta alamar fensir ya ba da maki. Wato tun asali don jama'a masu yawa aka ƙirƙire shi, kuma halin da muke ciki ke nan.

Batun dacewa kuwa, ko muna so ko ba ma so yaranmu za su haɗu da shi. Wanda ya tafi Najeriya neman jami'a zai zauna jarrabawar JAMB, amsoshi huɗu a kwamfuta. Wanda iyayensa ke Makka ko Jidda zai gamu da Ƙudurat da Tahsili, jarrabawowin shiga jami'a na cibiyar Ƙiyas ta Saudiyya. Gara su saba da mai kyau tun a hannunmu.

Wane kuskure ne ya fi yawa a takardun da kake gani?

'Yan rakiya. Haka nake kiran amsoshin da malami ya cike gurbi da su, waɗanda ko yaron da bai taɓa shiga aji ba ya san ba su ba ne. Ga misali: A wane gari Farin Nilu da Shuɗin Nilu suke haɗuwa? alif) Hartum, ba) Landan, jim) Makka, dal) Kano. Wannan tambaya ba ta auna komai ba. Yaron da ya san taswirar Sudan da wanda bai sani ba duk maki ɗaya za su samu. Amma ka sa Hartum, Atbara, Kosti, Sinnar, sai labari ya canja, domin duk garuruwan bakin kogi ne. Kosti tana kan Farin Nilu, Sinnar tana kan Shuɗi, Atbara kuma mahaɗa ce ta gaske, sai dai ta kogin Atbara da babban Nilu. Yaron da ya zaɓi Atbara ya nuna maka ya san wani abu, ya kuma nuna maka daidai inda ya rikice.

Mu yi lissafin ɓarnar. Tambaya 40, kowace da amsa huɗu masu rai: mai canki-canka zai tashi da wajen 10. In amsa ɗaya a kowace tambaya 'yar rakiya ce, zai samu wajen 13. In biyu ne, ya kai 20, rabin maki, ya haye ba tare da ya buɗe littafi ba. Sai mu zo muna cewa yaran bana suna da ƙoƙari.

To ina zan samo amsoshin ruɗu masu ma'ana, wato amsoshin kuskure da ake jerawa tare da ta gaskiya? Kullum ta ukun ce ke gagarata.

A littattafan rubutun yaranki, malama. Ba sai kin ƙirƙiro kuskure ba, yara sun riga sun yi miki shi. Mako biyu kafin jarrabawa ki ba su tambayar a buɗe, babu zaɓi, su rubuta amsa da kansu. Ki tattara, ki ga kurakurai uku da suka fi maimaituwa. Su ne amsoshin ruɗunki guda uku.

Ɗauki 1/2 + 1/3. Amsa 5/6. Duk wanda ya koyar da lissafi ya san rabin aji za su rubuta 2/5, sun haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Wasu za su rubuta 1/6, sun ninka maimakon tarawa. Wasu 2/6, sun gano cewa shida ce a ƙasa amma sun manta su gyara na sama. Ga zaɓi huɗu sun samu, kuma kowanne yana da labarinsa. Ranar da kika duba takardu kika ga yara talatin sun zagaye 2/5, kin san darasin da za ki maimaita gobe. Da 17 kika sa a wurin, ko 100, da ba ki ji komai ba.

A tarihi ma haka. An kammala madatsar ruwa ta Sinnar a wace shekara? 1898, 1925, 1956, 1966. Amsa 1925. Sauran ukun ba daga iska na ɗebo su ba: 1898 yaƙin Karari, 1956 samun 'yancin kai, 1966 madatsar Rusairis. Duk shekaru ne da ke yawo a kan yaro, aikinsa ya ajiye kowace a muhallinta. Ki lura kuma na jera su daga ƙarama zuwa babba. Lambobi a jere ake sa su, kada yaro ya ɓata lokaci yana neman abin da ba shi ake tambaya ba.

Dole ne su zama huɗu?

Ba dole ba ne. Michael Rodriguez ya tattara binciken shekara tamanin a kan wannan batu ya wallafa a 2005, ya kuma nuna cewa uku sun wadatar a mafi yawan lokuta, saboda ta huɗun galibi ba mai zaɓenta. In kana da uku masu rai, tsaya a nan, ka ƙara yawan tambayoyin.

Akwai yaron da ba ya karatu amma kullum yana ci. Satar amsa yake yi?

Wataƙila. Amma kafin ka zarge shi, duba takardarka, mai yiwuwa kai ne kake raɗa masa amsar. Akwai yara masu wayon jarrabawa, ba darasin suka karanta ba, malamin suka karanta.

Hanya ta farko nahawu ce. Ka rubuta: Dabbar da ta fi jure ƙishirwa a hamada shi ne, sannan ka jera akuya, saniya, raƙumi, tunkiya. Raƙumi ne a zuciyarka, shi ya sa hannunka ya rubuta "shi ne", kuma a cikin huɗun shi kaɗai ne namiji. Da Larabci abin ya fi muni, domin huwa da hiya, allazi da allati, da ta marbuɗa a ƙarshen kalma duk suna tona asiri. Maganinsa ka karanta tambayar da kowace amsa ɗaya bayan ɗaya, da murya, ka ji ko duk sun zauna daidai a baki.

Ta biyu tsawo. Amsar gaskiya mukan lulluɓe ta da sharuɗɗa don kada a kama mu da kuskure, sai ta yi layi biyu, sauran kuwa kalma uku-uku. Yara sun daɗe da gano cewa doguwar ita ce.

Ta uku kalmomin yanke hukunci: kullum, sam, har abada, kaɗai. Yaro mai wayo ya san abu kaɗan ne a duniya yake "kullum", sai ya tsallake su ya nemi mai "galibi" ko "wani lokaci".

Ta huɗu, kalmar da ke cikin tambaya ta sake bayyana a amsa ɗaya tak. Ta biyar kuma, tambaya ta 7 ta ba da amsar ta 19 ba ka lura ba.

Sai ta ƙarshe, wadda ni kaina na faɗa ciki. A wata makaranta da na taɓa koyarwa, wani ɗalibi ya zo bayan an raba sakamako ya ce, "Ustaz, ai kai jim kake so." Na koma gida na ƙirga. Cikin tambaya talatin, goma sha shida jim ce amsarsu. Ashe hannuna yana ƙin sa amsa a farko don kada ta fito fili, yana ƙin sa ta a ƙarshe, sai ya ɓoye ta a tsakiya. Tun ranar nake ƙirga mabuɗin amsoshina, wato jerin amsoshin da ke daidai, kafin in kai bugu. Ba sai sun zo daidai wa daida ba, amma kada harafi ɗaya ya cinye rabi, kada kuma su bi wani tsari irin alif, ba, jim, dal, alif, ba, jim, dal, wanda yaro zai gano a tambaya ta shida.

"Duk abin da aka ambata daidai ne" da "babu ko ɗaya" fa?

Ta farkon ka rabu da ita. Yaron da ya tabbatar biyu daidai ne ya gama, ba sai ya san ta ukun ba. Wanda ya gano ɗaya kuskure ce ya zubar da biyu a lokaci guda. Ga shi kuma ba ma sa ta sai in ita ce amsar, yara kuwa sun sani.

"Babu ko ɗaya" tana da ɗan amfani a lissafi, inda amsa ɗaya ce ƙwal kuma ba ka son yaro ya gwada zaɓuɓɓukan ɗaya-ɗaya har ya dace. Amma ka sani, wanda ya zaɓe ta ya ci bai nuna maka ya san amsar ba, ya dai san waɗanda ba su ba ne. A tambayar da ke neman "wadda ta fi dacewa" kuwa ba ta da wurin zama ko kaɗan.

Laifi ne in yi tambayar korewa, irin "duk waɗannan ... ban da"?

Ba laifi ba ne in abin da kake koyarwa shi kansa hani ne, kamar abin da ba a yi wa wanda maciji ya sara. In ka yi, ja layi a ƙarƙashin kalmar korewar, illa ko ma ada ko laisa da Larabci, ka rubuta ta da girma. Kada kore biyu su haɗu a tambaya guda.

Yaranmu Hausa suke yi a gida, jarrabawa kuma da Larabci. Yaya zan yi musu adalci?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna, kuma littattafan horar da malamai ba su cika tsayawa a kanta ba. Yaro daga Mai Wurno ko wani ƙauyen bakin Shuɗin Nilu yana da harsuna uku a kansa: Hausar gida, Larabcin kasuwa, da fusha ta littafi. Ta ukun ita ce mafi rauni a shekarun farko, kuma da ita ake jarraba shi. In ka rubuta tambayar kimiyya da jimla mai hawa uku da kalmomin da ba ka taɓa furtawa a aji ba, Larabcinsa ka auna, ka rubuta sakamakon a gurbin kimiyya. Na sha ganin yarinya ta faɗi tambayar tsiro, alhali ita ke shuka kuɓewa a bayan gidansu, in ka tambaye ta da Hausa za ta yi maka bayanin da ya fi na littafi.

Ba ina cewa a sauƙaƙa ilimin ba. Harshen za a sauƙaƙa, ilimin ya tsaya da nauyinsa. Kalmar fanni da aka koyar a bar ta, dole ya san ta. Abin da za a cire shi ne adon magana, da gabatarwar da ba ta da aiki, da kalma baƙuwa inda sananniya za ta wadatar. Duk kalmar da ke maimaituwa a farkon amsoshi huɗu, ɗauke ta ka mayar cikin tambayar, ya karanta sau ɗaya maimakon huɗu.

Akwai gwaji mai sauƙi. Rufe amsoshin da tafin hannunka ka karanta tambayar ita kaɗai. In wanda ya san darasi zai iya amsawa ba tare da ya ga zaɓin ba, tambayar ta tsaya da ƙafarta. In kuwa abin da ka rubuta shi ne "Kogin Nilu:" sannan jimloli huɗu kowace ta kama gabanta, to ba ka yi tambaya ba tukuna.

Misalan ma a kula. Tambayar lissafi a kan lif na bene ko katin banki tana ba ɗan Hartum fifiko a kan ɗan ƙauye tun kafin a fara lissafin. Buhun dawa, jarkar man riɗi, faddan na awon gona, kuɗin raksha, waɗannan kowa ya san su.

A darasin addini wani uba ya zo ya ce amsar ɗansa ma daidai ce. Ya zan kauce wa wannan?

Mai yiwuwa uban ya fi ka gaskiya. Ka tambaya farillan alwala nawa ne, ka sa huɗu, biyar, shida, bakwai. Yaron da ya karanta Ahlari a halwa, wato makarantar allo, zai ce bakwai, haka Malikiyya ta ƙirga. Wanda ya tashi a hannun malami Bashafi'e zai ce shida, Hanafiyya kuma huɗu. Amsa uku cikin huɗu suna da malamai a bayansu. Sai ka ce "a mazhabar Imam Malik" a cikin tambayar, rigima ta ƙare. Haka a karatun Alƙur'ani: Hafsu yana ja da "Maaliki yaumid din", Warshu da Duri suna karanta "Maliki" ba ja, kuma duk ruwayoyin uku ana karanta su a ƙasar nan. In ba ka ambaci ruwaya ba, kada ka tambayi abin da suka saɓa a kai.

Ba haddar kawai wannan salo yake aunawa ba?

Haddar ce ta fi sauƙin rubutawa, shi ya sa ta cika takardunmu. Tun 1956 Benjamin Bloom da abokansa suka rarrabe matakan sani, daga tuna abu zuwa fahimtarsa zuwa aiki da shi, kuma zaɓin amsa yana iya hawa sama da matakin farko in malami ya yi gumi. Dabarar ita ce ka ba yaro halin da bai gani a littafi ba.

Maimakon "nawa ake fitarwa a zakkar abin da aka yi wa ban ruwa da wahala", ka ce: Manomi ya noma dawa buhu 60, duk da injin famfo ya shayar da ita, yana sayen mai da kuɗinsa. Buhu nawa zai fitar? Ɗaya da rabi, 3, 6, 12. Amsa 3, ɗaya cikin ashirin. Mai 6 ya yi hukuncin noman ruwan sama, irin na gonakinmu na Gadarif. Mai ɗaya da rabi ya ɗauko ɗaya cikin arba'in na zakkar kuɗi. Mai 12 ya tafi humusi. Tambaya guda ta auna fiƙihu da lissafi da natsuwa.

Abin da salon ba zai taɓa aunawa ba shi ne ko yaro zai iya haɗa jimla uku da kansa. Don haka ko aji ya kai ɗari, a bar tambaya ɗaya ko biyu na rubutu a ƙarshen takarda.

Zan iya ɗaukar tambayoyin da ake turowa a WhatsApp ko na tsofaffin takardu?

Ɗauka, amma ka amsa kowace da kanka tukuna. Har yau ana yawo da tambayar "ƙasa mafi girma a Afirka" da Sudan a matsayin amsa, alhali tun rabuwar Kudu a Yulin 2011 Aljeriya ce. Yawan jihohin Sudan ma haka, tsofaffin takardu na cewa 26 ko 25, yanzu 18 ne. Waɗanda aka kwaso daga Masar ko Saudiyya kuma a kan manhajarsu aka gina su. Mabuɗin da ke biye da su shi ne abin da na fi rashin yarda da shi.

In rage maki ga wanda ya yi kuskure don hana canki-canka?

Akwai tsohuwar ƙa'ida: a zaɓi huɗu, a raba kurakurai gida uku a cire daga abin da aka ci. Wanda ya ci 28 ya faɗi 12 zai tashi da 24. Ni ba na yi. Abin da na gani shi ne yara masu tsoro, galibi 'yan mata masu ƙoƙari, suna barin tambayar da suka kusa sani, masu ƙarfin hali kuma suna ci gaba da cankensu. Jarrabawar SAT ta Amurka ma ta daina cire maki a 2016. Tambayoyi masu yawa da amsoshin ruɗu masu rai sun fi wannan lissafi maganin canke.

Bayan na duba takardu, ta yaya zan gane tambayar da ta lalace?

Ba sai da kwamfuta ba. Jera takardun daga mafi maki zuwa mafi ƙaranci. Ɗebi kashi 27 cikin ɗari daga sama da irinsa daga ƙasa, adadin da Truman Kelley ya ba da shawara a 1939. A aji mai yara 60, takarda 16 ke nan kowane ɓangare. Ga kowace tambaya ƙirga nawa suka ci a sama, nawa a ƙasa. In 14 suka ci a sama, 6 a ƙasa, bambanci 8, raba da 16, ka samu 0.5: tambaya ce mai kyau, ta rarrabe mai sani da marar sani. In sakamakon ya gaza 0.2, sake dubanta. In kuwa na ƙasa sun fi na sama ci, akwai matsala babba: ko mabuɗinka ne ba daidai ba, ko tambayar tana da fuska biyu da masu zurfin tunani kaɗai suka hango. Cire ta daga lissafi, ka gaya wa yara dalili. Girmanka ba zai ragu ba.

Duba kuma amsar da ba wanda ya zaɓa, ko yaro ɗaya ko biyu cikin sittin. 'Yar rakiya ce ta ɓoye maka, ka canja ta kafin baɗi. Ni ina da littafi guda da nake kwafe tambayoyin da suka yi kyau, kowace da waɗannan lambobi a gefenta.

Akwai abin lura wajen bugawa?

Akwai, kuma a nan aikin sati guda yake lalacewa cikin minti biyar. Kada tambaya ta kasance a ƙasan shafi amsoshinta a bayansa. Jera amsoshi a tsaye, kowace a layinta, in takarda ta isa. Kada ka gauraya lambobin Larabci da na boko a takarda guda, domin biyar ta Larabci da'ira ce kamar sifilin boko, shida kuma kamar bakwai take. In tawadar injin kwafi ta yi rauni, biyu da uku na Larabci sukan zama abu ɗaya, ɗigon sifili kuma ya ɓace, 40 ta koma 4. Karɓi kwafin farko ka karanta a tsaye a shagon kafin a buga sauran.

Masu amfani da Google Forms su tuna cewa in suka kunna cakuɗa amsoshi, zaɓin da ke cewa "alif da ba duka" ya rasa ma'ana. In kuma a allo za ka rubuta saboda babu wuta ko babu takarda, je ka zauna a bencin ƙarshe ka gani ko ana bambance ba da ta da nun daga can. Kafin duk wannan, miƙa wa malamin ajin kusa ya amsa ba tare da mabuɗi ba, inda amsarsa ta saɓa da taka ku zauna a kai.